Gawo, Jan-baki da Miskit: Wa ke Cin Wa a Gonakinmu?

Adamu, Maiwurno

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawara a kan gonar da muka gada a gefen kogi a nan Sudan, wadda ke da manyan itatuwan gawo a cikinta, irin wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira haraz. Mai tarakta ya ce diski ba zai juya yadda ya kamata ba sai an kawar da su, ƙanen mahaifina kuma ya mara masa baya da cewa itace a gona masaukin tsuntsu ne, tsuntsu kuwa shi ke cinye dawa tun ƙwayar ba ta bushe ba. Mahaifiyata ta ƙi amincewa, ta ce tun da aka kawo ta gidan nan dawar gindin gawo ce ta fi kauri da girman zangarniya. Ina so in ji daga waɗanda suka sani, shin akwai hujja a maganar tata, ko kuwa sabo ne kawai ya sa ba ta son a taɓa su?

Malam Sani, Wad Madani

Wa alaikumus salam, Adamu. Mahaifiyarka tana da hujja, kuma hujjar ba ɗaya ba ce.

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwanmu wajen lokaci, domin idan damina ta sauka kowane itace yana fitar da ganye, shi kakkaɓe nasa yake yi ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore. Saboda haka a daidai watannin da dawa ke buƙatar rana ba ya yi mata inuwa mai yawa, ganyen da ya zubar kuma yana ruɓewa a daidai lokacin shuka. Dalilin da ya sa yake iya rayuwa haka shi ne saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai ta sha ruwan da saiwar hatsi ba ta kai wa, don haka ba kwano ɗaya suke sha ba.

Bayan wannan, gawo dangin wake ne da gyaɗa. A jikin saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune a ciki, su suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abin da tsiro zai iya ci, shi kuma yana ciyar da su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Wannan sinadari shi ne muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya. Da bazara, lokacin da ba a samun ko tsinken ciyawa, 'ya'yan gawo suna zubowa, awaki da shanu su taru a gindinsa su ci su kwanta a inuwa, su bar kashi da fitsari a wurin. Ƙwayar irinsa mai tauri ce, amma idan ta bi ta cikin dabba ɓawonta yakan yi laushi ta fi saurin tsira, wato dabbar da ta ci ita ce kuma ta shuka. Furensa yana fitowa a farkon rani lokacin da fure ya yi ƙaranci, shi ya sa masu ɗaura amya suke sonsa. Manoman Jabal Marra, a yammacin Sudan, sun daɗe suna noma a ƙarƙashin haraz, a Damagaram kuwa sarakuna sun taɓa kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo, kuma ba don ado suka yi haka ba.

Alhaji Bello, Gadarif

Malam, Allah ya ƙara sani. Ban ƙaryata ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba, amma ina jin tsoron irin wannan bayani mai daɗin ji, domin yakan sa matasa su ɗauka cewa duk abin da ya tsiro ko ya yi fiffike aboki ne. Mu da muke noman ɗaruruwan faddan, wato ma'aunin gona da ya ɗan fi eka, mun san cewa tsuntsun nan jan-baki idan ya sauka, aikin damina guda yana iya tafiya cikin kwanaki kaɗan. Kuma kada mu manta cewa masana ne suka kawo mana itacen miskit da irin wannan yabon, suka ce zai tare hamada, ya ba da itacen girki, ya ciyar da dabbobi. Shi ma dangin wake ne, shi ma yana da waɗancan ƙwayoyin a saiwarsa, shi ma awaki ne ke shuka shi. To me ya raba shi da gawo?

Hajiya Asabe, Kasala

Alhaji ya taɓo inda ke mana ciwo. Duk wanda ya bi yankin Gash ko Tokar ko Sabuwar Halfa, a gabashin Sudan, ya ga abin da miskit ya yi. Akuya ta ci 'ya'yansa masu zaƙi, ta je bakin magudanar ruwa ta yi kashi, bayan ruwa ya wuce sai ka ga 'yan tsirai sun jeru a wurin. Idan aka sare shi ba a tono gindin ba, rassa masu yawa ne ke fitowa a madadin guda ɗaya. A ƙarƙashinsa ciyawar da dabbobi suka saba ci ba ta fitowa, ƙayarsa tana huda takalmin roba har ta shiga tafin ƙafa, ciwon kuma ya daɗe bai warke ba. A unguwarmu mata sun daina tura yara neman itace ta wani ɓangare saboda duhuwar ta rufe hanyar gaba ɗaya. Sai dai gaskiya ba ta da kyau a faɗi rabinta, gidaje da yawa da gawayinsa suke ci suke sha, kuma a garuruwan arewa da yashi ke neman binne gidaje har yanzu ana gode masa.

Malam Sani, Wad Madani

Tambayar Alhaji tana kan hanya, amsarta kuma ita ce gundarin wannan magana. Miskit ɗan nahiyar Amurka ne, an shigo da shi Sudan a 1917, daga baya aka yi ta dasa shi a kewayen Khartum da gabashin ƙasar, har ta kai a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. A ƙasarsa ta asali akwai ƙwari iri-iri da ke huda ƙwayar irinsa suna cin ganyensa, waɗanda suka taso tare da shi tun fil azal, amma da aka ɗauko shi ba a ɗauko su ba. Ya zo ya sami masu yaɗa shi, wato awaki da raƙuma da ruwan kogin Gash, bai sami masu rage shi yadda ya kamata ba. Gawo kuwa ɗan gida ne, yana da masu cinsa a kowane mataki, daga ƙwaron da ke huda irinsa zuwa akuyar da ke cinye ƙaramin tsironsa, shi ya sa ba ka taɓa jin gawo ya mamaye gonar wani ba. Matsalarsa ma akasin haka ce, tsofaffin suna mutuwa ƙanana ba sa samun tashi.

Game da jan-baki, ba na raina ɓarnarsa. Amma a duba inda yake kwana da inda yake sheƙa. Tsuntsu ne na taro, yana neman duhuwar ƙaya mai cunkoso ko kyauro a bakin ruwa ko gonar rake, inda dubbai za su kwana wuri guda, kuma daga can yake tasowa ya yi tafiya mai nisa zuwa inda abinci yake. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, yana komawa kan dawa ne sosai idan wannan ta yi ƙaranci. Gawo 'yan ƙalilan a gonar Adamu za su iya zama masa wurin hutawa da rana, wannan gaskiya ne, amma sare su ba zai hana shi zuwa ba. Abin da saran zai kora tabbas shi ne shaho da mujiya, alhali mujiya ita ce ke yi maka aikin ɓera da dare ba ka biya ta ko sisi ba.

Baba Ɗanjuma, Dindir

Ni ba mai karatun boko ba ne, jikana ne ke rubuta mini abin da nake faɗa. Adamu ɗana, abin da na gani a bayan shanu shi zan gaya maka. Balbela tana bin garke ne saboda idan saniya ta taka ciyawa fara da ƙwari suna tashi, ita kuma ta cafke. Saniya ba ta ƙaru da komai sosai ba, ba ta kuma rasa komai ba. Shamuwa idan ta zo da farkon damina ta yi sheƙa a itacen tsakar gari, duk wanda ya girma a ƙauye ya san ba a jifanta, kuma idan ka bi ta gona ka ga abin da take tsinta, fara ce da tsutsa. Iyayenmu sun ce ita ke kawo ruwa, ni dai abin da na tabbatar shi ne tana rage mana fara.

Carki kuwa sai a hankali. Yana cire kaska daga kunne da gindin wutsiya, inda hannunka ba ya kai wa kullum, kuma idan wani abu ya taso daga nesa shi ke fara ƙara. Amma duk makiyayin da ya taɓa samun sa mai gyambo a doro ya san ɗaya fuskar tasa, zai zauna a kan ciwon yana tsattsaga yana shan jini, ba zai bari ya kame ba. Mukan shafa wa wurin magani mu rufe shi, mu kori tsuntsun daga wannan san kaɗai, mu bar shi a kan sauran.

Usman, Jidda

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya bayyana ya fi yadda aka koya mana a aji fitowa fili. A littafi an raba mana zaman halittu gida-gida, akwai wanda kowa ke amfana kamar gawo da ƙwayoyin saiwarsa, akwai wanda ɗaya ke amfana ɗayan bai cutu ba kamar balbela da saniya, akwai kuma wanda ɗaya ke rayuwa a jikin ɗaya yana cutar da shi kamar kaska, ko kaucin da ke tsirowa a reshen itace yana shan ruwansa. To ga carki ya ƙi zama a gida ɗaya, a kan lafiyayyar saniya mataimaki ne, a kan mai ciwo macuci ne. Malam Sani, ina da tambaya. Idan har abin yana sauyawa haka gwargwadon hali, ta yaya manomi zai san wanda zai bari da wanda zai kashe? Ba zai fi sauƙi a yi feshi a huta ba?

Malam Sani, Wad Madani

Usman, an gwada wannan hanyar a nan Jazira, a kan auduga, kuma a fili mai faɗin da ba kowace ƙasa ke da irinsa ba, don haka bari in ɗan tsawaita.

An buɗe babban aikin noman ban-ruwa na Jazira a 1925 bayan kammala madatsar Sinnar. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa maganin ƙwari na DDT a kan wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye da ake kira jasid, feshi ɗaya a shekara, kuma amfani ya ƙaru, kowa ya yi murna. Daga nan sai tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta zama babbar matsala, aka ƙara yawan feshi da ƙarfin magani, jiragen sama suna bi ta kan hawasha bayan hawasha, wato gona bayan gona. Kafin ƙarshen shekarun 1970 feshin ya kai sau takwas zuwa tara a kaka guda, kuma a daidai lokacin ne farin ƙuda, wanda a da ƙaramin abu ne a lissafi, ya zama shi ne sarkin ɓarna.

Duk wanda ya shiga gonar auduga a irin wannan hali ba zai manta ba. Kana taɓa reshe sai farin abu ya tashi kamar an busa toka, ganyen yana ƙyalli yana danƙo saboda ruwan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa, wanda manoma ke kira asala, baƙar fumfuna kuma ta hau kansa. Wannan danƙon yana sauka a kan farar audugar da ta buɗe, ta riƙa manne wa injinan kaɗi a masaƙun ƙasashen waje, har audugar Sudan ta yi baƙin suna a kasuwa farashinta ya faɗi. Kuɗin magani ya hau, amfani ya sauka, manomi ya zauna da bashi.

Me ya faru? Farin ƙuda yana zama ne a bayan ganye, a ƙasan tsiro, inda feshin jirgi ba ya isa sosai. Masu cinsa kuwa yawo suke yi a sarari suna farauta, irin su gizo-gizo, da ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin zanzaro waɗanda ke saka ƙwansu a jikin 'ya'yan farin ƙuda su cinye su. Feshin ya kashe mafarautan ya bar abin farautar. Masana sun yi saɓani a kan wane dalili ya fi nauyi, wasu sun fi ɗora laifin a kan yadda ƙwaron ya saba da maganin har ya daina jinsa, amma babu wanda ya ce feshin bai da hannu. Abin da ya sassauta lamarin shi ne shirin da aka fara a 1979 tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken noma ta nan Wad Madani, inda aka koma ƙirga ƙwari a ganye kafin a yi feshi, aka jinkirta feshin farko domin mafarautan su sami yawaita, aka rage adadin feshin sosai ba tare da amfani ya faɗi ba.

Don haka amsar tambayarka ita ce a duba kafin a kashe. Juya ganyen ka gani. Idan ka ga darɓa a dawa kuma ka ga jan ƙwaron nan da 'ya'yansa a cikinta, ka ba su kwanaki ka dawo ka sake dubawa kafin ka ɗauko famfo.

Alhaji Bello, Gadarif

Labarin auduga na yarda da shi, don iyayenmu da suka yi tsinta a Jazira sun ba mu shi. Amma kada a ɗauke shi a shimfiɗa a kan komai. Ranar da farar ɗango ta taso daga gaɓar Bahar Maliya, shamuwa nawa za ta ci? Ranar da jan-baki ya yi sheƙa a duhuwa kusa da gonaki, shaho nawa ne zai tare shi? A irin wannan rana jirgin feshi kawai muke jira, kuma na san maganin yana kashe shaho da sauran tsuntsayen da suka ci mushen, amma wanda ke da bashin banki a wuyansa ba zai tsaya yi musu makoki ba.

Abin da ya fi damuna ma ba mai fiffike ba ne, ƙuduji ne, wanda a nan muke ce wa buda. Akwai gonakin da idan ka hango su da kaka sai ka ga fure ja-ja ya rufe ƙasa, dawar kuma ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Wane aboki ne zai cece ni daga wannan?

Malam Sani, Wad Madani

A kan fara ban ja da kai ba, Alhaji, annobar da ta taso daga wata ƙasa ta fi ƙarfin mafarautan gona ɗaya. Ƙuduji kuwa shi ne ya fi kowa nuna amfanin sanin wa ke dogara da wa. Tsiro guda yana zubar da dubban ƙwayoyi masu laushi kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, kuma ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Da sun ji sai su tsira su manne wa saiwar su yi ta tsotsa, shi ya sa kafin ka ga furen a sama an riga an gama da dawar a ƙasa. Dawa takan fi fitar da wannan sinadari idan ƙasa ta gaji, wato yunwarta ce ke kiran maƙiyinta.

Daga nan dabara take fitowa. Saiwar auduga da ta gyaɗa suna ta da ƙwayar ƙudujin dawa daga barci, amma ba ta iya rayuwa a jikinsu, sai ta tsira ta mutu. Wanda ke juya shuka yana rage ajiyar da ke ƙasarsa kowace shekara, wanda ke maimaita dawa a kan dawa kuma yana ƙara ta. Kai ka fi ni sanin yadda aka yi noman inji a yankinku tun shekarun 1940, an share daji, an yi ta zuba dawa ba hutu ba taki. Dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina a ƙarƙashin itatuwa, kashi 5 a gonar ban-ruwa, ban san gonaki nawa za ka iya nuna mini da suka cika wannan ba. Kuma a tuge ƙudujin kafin ya yi iri, a ƙone, kada a jefar a kunya.

Hajiya Asabe, Kasala

Kafin a wuce, ina tunatar da masu yara cewa mu ma muna cikin wannan lissafi. Ciyawar da ke cika magudanan ban-ruwa ita ce gidan 'yan ƙananan dodon-koɗi, su kuma su ne ke renon tsutsar tsargiya. Yaro mai ciwon ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon-koɗi, ya fito ya huda fatar wanda ya shigo wanka. Yashe magudana ba aikin noma kaɗai ba ne.

Adamu, Maiwurno

Na gode ƙwarai, iyayena. Na karanta wa mahaifiyata da ƙanen mahaifina duka, shi dai har yanzu yana kan bakansa game da tsuntsu, amma ya yarda a bar itatuwan a rage rassan da ke hana tarakta wucewa. Baba, yaya ake yin sassaben ba tare da an kashe itacen ba, kuma a wane lokaci?

Baba Ɗanjuma, Dindir

Ka yi shi da rani lokacin da yake da ganye, domin abin da ka sauke ya zama abincin dabbobinka. Ka cire na ƙasa waɗanda ke taɓa kan mai tarakta, ka bar na sama, kuma kada ka yi wa itace ɗaya aski gaba ɗaya, don wanda aka yi wa haka yakan yi shekaru bai ba da 'ya'ya ba. Ka sare da gatari mai kaifi kusa da jiki, kada ka bar reshen ya tsage ya ɓare ɓawon, ta nan gara da ruɓa ke shiga. Idan ka ga ƙananan gawo sun tsiro, ka zaɓi masu ƙarfi ka kewaye su da ƙaya saboda awaki, ka kafa sanda mai tsumma domin mai tarakta ya gani.

Alhaji Bello, Gadarif

Wannan ya dace da gonar Adamu, domin tana bakin kogi, ƙasarta jigawa ce mai laushi kuma ruwan ƙasa yana kusa. Amma kada wani daga yankinmu ya karanta ya je ya sayi dashen gawo ya zuba a baƙar laka mai tsagewa da rani, zai yi asarar kuɗinsa. A tamu ƙasar talha, wani itacen ƙaya, da dakwara da aduwa ne ke tsayawa, dakwara kuma ga ƙaro da za a sayar. Malam, idan zan bar layin itace a gefen gona kamar yadda dokar ta ce, ina so in san tazarar da zan ba shi daga dawa, domin talha ba ta zubar da ganye da damina, kuma duhuwarta ita ce irin wadda ka ce jan-baki yana so.